Sunan da Aka Ara Mana

Shekarar da fari ya cinye shanun babanmu, mun baro Takanamat da jaki guda, muka sauka Tawa a bayan gidan Alhaji Ɗan Gwamki, dillalin dabbobi. Ya ba mu rumfa. Da aka kai mu lakwal, makarantar boko, ni da yayana Illa, ba mu da takardar haihuwa, sai mushe, malamin lakwal, ya tambayi gidan wa muke. Abin da aka faɗa masa shi ya rubuta. Tun ran nan na zama Hadiza Ɗan Gwamki, alhali sunan ubana Sa'idu.

Kakarmu Hajo ita ke riƙe mu da gatana bayan magariba, kafin jar dawar taimako ta nuna a tukunya. Takan tura kara cikin wuta ta ce, "Ga ta nan ta taho, wa ka tarbe ta?" Mu ce mu ne. Illa kullum labarin ƴan Ɗan Gwamki yake so. Sai ta lissafo su: ɗan kokawar da bai taɓa kai gwiwa ƙasa ba, malamin da ake zuwa wurinsa tun daga Bambai, da ƙanen Alhaji, kaftin ɗin soja a Yamai. Illa ya bugi ƙirji ya ce, "Duk namu ne!"

"Naku? Kai da wuyanka kamar na zabo? Zamna ka ji."

Sannan ta ba mu na kakan ƴan Ɗan Gwamki na farko, maginin rijiya. Wai a wata yunwa ya gina rijiyar da ba ta ƙafewa, sarki ya ce ba mai sha sai jinin maginin. Shi kuwa duk baƙon da ya zo da guga sai ya ce wa dogarai, "Ɗana ne." Har wata marainiya ta sha, ta girma da sunansa. Ran nan sarki ya yi fushi da shi, ya ce a kamo duk mai amsa sunan. Ƴaƴan cikin maginin suna da dawaki, suka tsere. Marainiya na bakin rijiya da tulunta.

Nan Kaka take tsayawa. Na ce, "Kaka, mi ya samu yarinyar?"

"Tuwo ya nuna, ɗiyata. Kawo akushi."

Sau nawa na tambaya, ba ta taɓa ƙarasawa ba har ta rasu. Na ɗauka mantuwa ce ta tsufa.

Yau kwana tara ke nan da aka sauke Illa daga mota a shingen sojoji na hanyar Yamai. An ce ana tuhumar kaftin, ƙanen Alhaji, da wani abu, ba wanda ya san mene ne, ba kuma mai tambaya da ƙarfi. Direban ya ce katin Illa kawai suka duba. Ƴaƴan Alhaji tuni suna Sakkwato, gidan a kulle. Ni ko mota ta tsaya a ƙofarmu sai in leƙa in ga wa aka zo nema.

Na je lakwal ɗinmu ta da, aka buɗe mini babban littafin sunayen ɗalibai. Sunan Sa'idu ba ya ko'ina. Baba ya ce zai je ya rantse da Alƙur'ani cewa shi ya haife shi, amma wa zai rantse wa? Ba mu ma san inda Illa yake ba.

Jiya na rubuta takarda da faransancin da na koya a kwaleji, na bayyana cewa mu ba jinin gidan nan ba ne, rumfa kawai aka ba mu da suna. Ina rubutawa ina jin kunyar rumfar. Na kai ta ofishin hukuma, magatakardan ya karanta, ya turo mini ita.

"Ba ki sa hannu ba, malama. Sunan da ke kan katinki za ki sa."

Na sa. Yanzu na san Kaka ba mantawa ta yi ba.