Haƙoran da anka auna kahin in tahi Kurmi

Lokacin da abin ga ya same ni, ni yaro ne maras zama wuri ɗaya. Na bar makaranta tun aji biyu na sakandare, yau ina tuƙa keke tsakanin Bodinga da Shagari, gobe ina lodin albasa. Wajen lodin ne nif faɗo daga bisa mota, haƙorana na gaba biyu sunka guntule. Dariya ma sai na sa hannu na rufe baki.

Wani ɗan kawuna ya kai ni wurin likitan haƙori cikin Sakkwato. Ya kankare haƙoran kaɗan, ya zagaya wata 'yar na'ura cikin bakina, sai ga su a kwamfuta har da tsagar da ke tsakaninsu. Yac ce da hoton ga za a sassaƙo siririn ɓawo kamar akaifa a liƙa bisa. Ya sa min na wucin gadi, ya ja min kunne in dawo da an kira ni, don baki ba ya tsayawa yadda anka auna shi.

Kiran ya iske ni cikin motar albasa, mun nufi Kurmi. Nic ce ai haƙori ba ya da ƙafa. Can na wucin gadin sunka fita ina shan rake, na jefar. Sai da damina ta faɗi nid dawo.

Da likita ya gwada ɓawon, ɗaya ya ƙi zama. Haƙoran sun ɗan gusa, dasashi ya ja baya. Yac ce sai an sake awo. Ni ko satin nan za a kai gaisuwata Mandera, gidan su yarinyar da nike nema. Na karɓi ɓawon na fita da fushi, na samu wani mai shagon sa haƙori ya danna min su hakanan.

Bayan biki wari ya fara. Tuwo na shiga ƙarƙashin ɓawon, asuwaki ba ya kaiwa can. Ruwan randa in na kurɓa, har cikin kwanya. Amarya sai ta riƙa aje min kanumfari kusa da buta.

Na koma wurin likitan da kunya. Ya duba ya daɗe, kana yac ce, "Ɗaya ya ruɓe har jijiya. Ɗayan za mu gwada mu cece shi."

Har yau ina taɓa shi da harshe in ji ko yana motsi. 'Yan uwa, in an auna bakinku, ku zauna a gama aikin, kuma kar ku bari a danna muku abin da ya ƙi shiga. Albasa na nan kowace shekara, haƙorin da anka kankare ba ya tohowa.