Damin Auta da Kashi na Biyu

Bari in tona wa kaina asiri tun kafin wani ya riga ni. Na taɓa shirga wa makauniyar tsohuwa ƙarya, ta yi mani tukuici da ƙuli-ƙuli, na karɓa na cinye tas. Tsohuwar nan kakata ce, wadda ta haifi babana. Yau ga gemuna ya yi furfura, amma duk sanda aka tayar da ƙaramin inji hayaƙinsa ya bugi hancina, sai in ji gishirin ƙulin nan a harshena.

Lokacin ba a yi shekaru da yawa da ba mu jiha ba. Muna zaune a wani ƙauye gefen Ƙofa, ƙasar Kusada. Ni da karatun boko mun rabu lafiya a aji huɗu. Malamin bai yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Sai Baba ya riƙa tafiya da ni Kankiya ranar kasuwa idan zai kai awaki, wai ko na koyi wani abin kirki. Da zarar ya shiga ciniki, ni kuma sai in sulale.

Bayan 'yan tireda akwai wani shago da ake kallon bidiyo da rana tsaka. An toshe ƙofar da tsohon bargo don kada haske ya shiga, inji na ta tari a waje, ciki kuwa zufa da warin fetur. Ta tsakanin ƙafafun manya nake bi in shige. A nan na fara ganin mutane cikin akwatin talabijin suna Hausa irin tamu, har da tsaki.

Fim ɗin labarin wani mutum ne da ya yi faɗa da wansa, ya tafi ci-rani Kurmi, ya bar uwarsa tana jira. Shekaru suka wuce. Can ƙarshe sai ga shi a tashar mota da jakarsa, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan mota, sai wani ya kira sunansa daga baya. Ya waiwaya. Hoton ya tsaya cak, rubutu ya fito. Wani mai ido ya karanta mana cewa sauran labari sai a kashi na biyu.

Na koma gida baki cike. Kowa ya kore ni, ban da Tsohuwa. Yanar ido ta riga ta rufe mata gani, kullum tana kan tabarma a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Na kwashe labarin na ba ta, har da muryoyi. Da na kai tasha sai hannunta ya tsaya.

"To, maigida, ya hau motar ko bai hau ba?"

"Sai na biyu ya fito, Tsohuwa."

"Halan gida za ya?"

"Na ce maki sai na biyu."

Kun ga wautata? Na ɗauka iya ba da labari ne ya kama ta. Na manta, ko in ce ban taɓa haɗa biyun ba, cewa autanta, ƙanin Baba, ya tafi ci-rani tun ina goye, kuma ko wasiƙarsa ba a taɓa gani ba. Ba a ambatonsa a gidanmu. Abu ɗaya ne ya rage nasa. Duk kaka idan an yi girbi, Tsohuwa takan sa a ware damin gero ɗaya, mafi cikar zangarniya, a ɗora shi can saman rumbu. Damin auta ake ce mashi. Ko yunwar bazara ta kai ina, ba mai taɓa shi, sai sabo ya zo a sauke tsohon a maye gurbinsa. Ni a lokacin ina ganin ɓarnar fura ce kawai.

Daga ranar, duk kasuwa tana jin ƙarar takalmina a zaure za ta ɗaga kai.

"Maigida, ya fito?"

Mai shago ya ce mako mai zuwa. Mako mai zuwa ya ce bayan Salla. Wasu suka ce masu fim ɗin sun ɓata da juna, wasu suka ce kaset ɗin ne ya ƙone. Damina ta wuce, aka yi girbi, aka sauya damin auta. Ni har na fara manta fuskar mutumin, na koma kallon masu faɗa da ƙafa. Ita ba ta manta ba.

A bazarar da ta biyo baya jikinta ya yi rauni. Gyaɗar ma ta daina ɓarewa. Na dawo wata kasuwa na iske ta kwance, ta yi tambayarta da murya ƙasa-ƙasa. Zan so in ce tausayi ne ya kama ni. Akwai shi, amma na kuma hango ƙullin ƙuli-ƙuli a gefen matashinta.

Na ce, "Ya fito. Yau na gani."

Ta yunƙura ta zauna.

Na fara zuba. Na ce wanda ya kira shi ɗan garinsu ne, ya ce mashi uwarsa na nan da rai. Ya hau mota. Sai na rasa inda zan kai shi, don ni ban san cikin wani gida ba in ba namu ba. Haka na biyo da shi ta gindin ɗorawa, ya tsallake kwatar da ke bakin hanya, ya zo shiga zaure ya manta bai sunkuya ba, goshinsa ya bugi itacen saman ƙofa, kamar yadda duk dogon baƙo yake bugewa a gidanmu. Ya shigo yana murza goshi, akuya ta yi kuka ta hagu, ya iske uwarsa a inuwar rumbu. Na ce ta sa an sauko da gero an yi mashi fura mai citta, ya shanye kwarya guda bai ɗaga kai ba.

Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ta lalubo ƙullin ta miƙo mani, ta yi wata magana a hankali. Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da tauna.

Washegari ta kira Baba ta ce a sauko da damin auta a sussuke, a yi fura a raba wa maƙwabta. Baba ya tsaya ya dube ta, sannan ya ɗauko tsani. Ba ta ga ruwan farko na wannan shekarar ba. Har yau ban san abin da na yi mata ba, ko na kawo mata ɗanta gida ne, ko kuwa na raba ta da abin da ke riƙe da ita.

Watan jiya ɗiyata ta zo mani da waya.

"Baba, ba wannan ne fim ɗinka da kake damun mu da shi ba? Ai sun yi na biyu."

Bayan shekara talatin da wani abu. Na ce ƙarya ne, ta danna mani. Da na ga fuskar mutumin nan na tasha zuciyata ta buga kamar na ga ɗan'uwa. Ya yi ƙiba, an shafa wa gemunsa baƙi, amma shi ne. Na ji daɗi, kada in yi maku wata ƙaryar. Sai dai ko waiwayar nan ta tasha ba su tuna ba. Wanda ya kira sunansa, da muka kwana muka tashi da shi a rai, ba wanda ya ambace shi. Ga mutumin ya dawo cikin doguwar mota, an buɗe mashi ƙofar ƙarfe. Matar da ta fito a uwarsa ashe ta rasu tuntuni, sai suka kai shi bakin kabari ya tsuguna.

A nan na miƙa wa yarinyar wayarta. Ta ce saura rabi, na ce ta kalla ta ba ni labari. Nasu ya fi nawa gaskiya, shi ya sa ban yafe masu ba. Da za su yi, da sun yi a waccan bazarar, in kawo wa Tsohuwa ko da mai ɗaci ne, in dai ba daga cikina ya fito ba.

Yanzu an rushe zauren an yi na bulo, raƙumi ma zai shiga bai sunkuya ba. Rumbun ya zama ɗakin ajiyar buhuna, yara kuma kowa da fim ɗinsa a tafin hannu, ba mai ba wani labari. Ni kaɗai ne har yanzu nake duƙar da kai idan zan shiga, jikoki na yi mani dariya. Ba su san amsa nake nema ba ga abin da Tsohuwa ta ce ranar nan, hannunta a kan nawa:

"Ashe su ma ƙofar zaurensu gajera ce kamar tamu, maigida."