Maha da Rantsuwar da Na Yi a Kan Ɗanyen Tumatir

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata, goma ga watan Shawwal na shekarar 1446, da hantsi, Allah ya karɓi ran 'yata Maha Hussaini a wani asibiti a nan Jidda, bayan jinyar ciwon hanta ta wata biyu. Shekarunta talatin da ɗaya. An sallace ta bayan la'asar. Ta bar mijinta Nayef, da ƙanenta Musbahu da ke aiki a Dammam, da ni mahaifiyarta. Ba ta bar ɗa ba.

Maha, yau kwana goma sha bakwai ke nan. Masu gaisuwa sun watse, an kwashe kujerun da aka jera a lungu, Musbahu ya koma bakin aikinsa. Ni kaɗai ce a gidanmu na Hindawiyya. Na san karatun Hausa yana ba ki wuya, kin fi jin ta a baki, ki amsa mini rabi da Larabci. Amma da ita kaɗai nake iya faɗin gaskiya, kuma akwai gaskiyar da na riƙe shekara shida.

Mutanen unguwa sun san ni da tsanani, ban kuma musa ba. Har gobe ina nan a kan cewa yaron da ba a kwaɓa ba, duniya ce za ta kwaɓe shi, ita kuwa ba ta da tausayin uwa. Da mahaifinki ya rasu kina 'yar shekara tara, na zauna a bakin lungu ina suyar ƙosai da awara shekara goma sha uku. Tabon man yana nan a hannuwana. Duk lokacin da ya fallatso mini, sai in ce a raina: wannan na ɗauke wa Maha ne, ita ba za ta tsaya a kan wuta ba. Kika yi karatu, kika gama jami'a, kika samu koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Aziziyya. Ranar da kika fara aiki na kyautar da kaskon suyata.

Sai wata Alhamis, shekara uku bayan haka, kika zo gida da leda a hannu, kika hau saman bene inda nake shuka tumatir a tsofaffin bokitai. Wata biyu ina ba su ruwa safe da yamma, ina jiran su nuna. Kika tsinke biyar, kore shar, kika shiga kicin. Can sai ga ki da faranti: yankakken tumatir soyayye, ya yi ruwan zinariya, kowanne da farin cukun nan da ake kira mozarela ya narke a kansa, da ganyen raihan guda.

Kika ce, "Umma, ɗanɗana ki ji, sannan in gaya miki wata magana."

Na ce, "Wa ya tsinke mini tumatir ɗanye?"

Kika ce, "Ni ce. Nunanne ba ya jure mai, Umma, narkewa yake yi."

Na yi miki wa'azin gaggawa, na ce wanda bai iya jiran tumatir ya nuna ba, babu abin da zai iya jira a duniya. Kika saurara har na gama. Sannan kika ce kin ajiye koyarwa, girki za ki riƙa yi a gidanki kina kai wa masu biki da walima, Nayef ma ya amince. Na dubi farantin, na dubi hannuwana. Na ce, "Wallahi tallahi wannan abin ba zai taɓa shiga bakina ba."

Ba ki yi kuka ba. Kika rufe farantin, kika ce, "Halas, shi ke nan, Umma."

Na ɗauka magana ta ƙare. Alhamis ta zagayo sai ga ki da leda. Haka kika yi shekara shida, in ban da ranakun da tafiya ko ciwo suka hana. Idan na saman bene sun ƙare, sai ki tafi halaƙa, kasuwar kayan gwari, ki roƙi masu tumatir su ware miki koraye, suna yi miki dariya. Ki share mini gida, ki duba magungunana, ki tsefe mini kai, sannan ki shiga kicin. Ni kuma in zauna a falo, na ba ƙofar baya, carbi a hannu. Ki kawo yanka biyar ki ajiye kusa da ni, ba ki cewa in ci. Kina fita in aika wa maƙwabciyarmu Rahamatu, mutuniyar Damagaram da ta zo umara ta zauna. Ita ce take ce mini, "Hajiya, Allah ya sa kada ki huce. Ni dai rantsuwar nan taki ta karɓe ni."

Sau ɗaya tak kika taɓa maganar. Kina tsefe mini kai kika ce, "Umma, ai kaffarar rantsuwa ciyar da miskinai goma ce. Goma bas, goma kacal. Ni zan dafa musu, ke dai ki buɗe baki."

Na ce, "Sunan Allah ba abin wasa ba ne."

Na faɗi gaskiya, amma ba don gaskiyar na faɗa ba. Na sani sarai malamai sun koyar da cewa wanda ya rantse, sannan ya ga abin da ya fi alheri, sai ya yi kaffara ya koma ga alherin. Ni da bakina na sha faɗa wa matan unguwa haka. Ba tsoron Allah ne ya rufe mini baki ba, girman kai ne. Na ga kamar in na ci, na yarda shekaruna goma sha uku a bakin wuta sun tafi a banza.

A zaman makoki na ga abin da na ƙi gani. Wasu mata huɗu suka zo, ban san ko ɗaya ba. Babbarsu ta ce ba su da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, babu mai ɗaukarsu aiki, ke kika koya musu girki a kicin ɗinki, kika riƙa tura musu masu saye, ba ki taɓa tambayar takardunsu ba. Wani dattijo ɗan Katsina, mai gadin wani sito a Khumra, ya tsaya a ƙofa yana share hawaye da hularsa. Ya ce kowane azumi ke da Nayef kuke kai musu buɗa-baki, kuma kin taɓa lura ba shi da haƙora, daga ranar nasa kunun daban yake zuwa da sunansa a murfi. Wata tsohuwar ɗalibarki ta ce ko bayan kin bar makaranta ba ki daina kiranta kina tambayar jarrabawa ba. Duk wannan ba ki taɓa gaya mini ba. To, ta yaya za ki gaya mini? Da kin fara zancen aikinki sai in miƙe in ce zan yi alwala.

Kwana biyu kafin rasuwarki ina zaune a gefen gadonki bayan azahar, idanunki sun yi rawaya, kika ce, "Umma, tumatir ya nuna?"

Na ce, "Da saura."

Kika ce, "Bana mun makara da shuka. Kada ki jira, zafi zai kashe su."

Sannan kika ce in yafe miki. Na ce na yafe duniya da lahira. Abin da ya kamata in ce bayan nan ya zo mini har baki: ke ma ki yafe mini, Allah ya yi wa sana'arki albarka. Sai ma'aikaciyar jinya ta shigo da allura, na ce a raina gobe. Gobe kuwa ba ki ƙara gane kowa ba.

Maganarki ta tabbata. Rana ta buɗe, ganyen ya fara ƙonewa, furannin suka zube. 'Ya'yan da suka rage sun tsaya cak, kore, ba su gaba ba su baya. Alhamis biyu na zauna a falo na ba ƙofar kicin baya kamar yadda na saba, babu motsin kowa a kicin ɗin, sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Jiya, Alhamis ta uku, na hau sama na tsinke su duka. Bakwai ne.

Ban tambayi kowa yadda ake yi ba. Ashe duk shekarun nan da nake jan carbi kunnena yana kicin. Na san ƙarar wuƙarki a kan katako, yanka mai kaurin ɗan yatsa. Na san kina barbaɗa gishiri ki bar su su tsatso ruwa, don a nan ne kike fitowa ki tambaye ni ko na sha maganin hawan jini. Na san faranti uku kike jerawa: fulawa, kaɗaɗɗen ƙwai, garin busasshen burodi. Na ari kasko a wurin Rahamatu, na aiki direban Nayef ya sayo cukun. Karon farko na manta ban tsane ruwan da tsumma ba, man ya fallatso ya ƙone ni a wuyan hannu, kusa da tsohon tabo. Rigar garin ta saɓule, tumatirin ya fito tsirara. Na zubar, na sake. Na tsane kowane yanka, na jira man ya yi zafi ba tare da ya yi hayaƙi ba, na sa uku-uku, na juya sau ɗaya kamar yadda nake jin kina yi. Na ɗora cukun tun suna turiri.

Na kira Rahamatu ta ɗanɗana. Ta tauna a hankali ta ce, "Hajiya, ni na yi shekara shida ina karatun nan, bari in gyara miki. Babu yaji. Yajin ƙuli take zubawa a cikin garin, irin naki na awara."

Ban san wannan ba. Shi ba ya ƙara, kunne bai kama shi ba. Shi ya sa kike roƙona yaji duk wata, ni kuma ina yi miki gorin mai sana'ar girki da ba ta iya daka yaji ba.

Na zuba, na soya sauran. Rahamatu ta koma gidanta don ta ga ina son zama ni kaɗai. Na ajiye yanka biyar a inda kika saba ajiyewa, na yi bismillah, na karya rantsuwata. Bayansa ƙamas-ƙamas, cikinsa da ɗan tsami, cukun yana sanyaya tsamin. Na cinye duka biyar ɗin.

Yau da safe na dafa shinkafa da kaza, Nayef ya kai ni Khumra, na miƙa wa mutum goma da hannuna. Dattijon nan mai gadi yana cikinsu, nasa na dafa ya yi laushi. Kin ce ke za ki dafa musu. Ni na dafa.

Iyaye mata, ban ce ku daina tsawatarwa ba. Amma kada ku sa sunan Allah a kan fushinku, kuma in 'yarku ta miƙo muku abin da ta dafa, ku ci tun tana tsaye a gabanku. Ni na ci, amma nawa na ci. Na tambayi Rahamatu ko ya yi kamar naki, ta ce, "Ya yi kusa." Ita ta san ɗanɗanon hannun 'yata. Ni da na haife ta ba zan taɓa sani ba.

Maha, ga abin da na hana ki: Allah ya yi miki albarka, ke da sana'arki. Ki yafe wa uwarki.

Ya Allah, ka gafarta wa baiwarka Maha, ka sa ciwon da ta sha ya zame mata kankarar zunubi. Ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka ciyar da ita daga abincin Aljanna kamar yadda ta ciyar da bayinka. Ka haɗa ta da mahaifinta a Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Nayef, wanda ya tsaya mata a inda ni na juya baya, da ɗana Musbahu, da danginmu na nan da na gida, da matan nan huɗu, da mutanen Khumra. Allah ya ba mu haƙurin rashinta. Idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani, kuma kada ya bar mu da wata maganar da muka ajiye sai gobe. Amin.