Sifanar da ta ɓace a Watari

Ƙanena ya dawo gida daga aikin sojan sama ana tsakiyar girbin gero, da jaka ɗaya da ƙaramin akwatin ƙarfe. Sallamarsa aka yi. Ni ne babba a gidan tun rasuwar Baba, don haka ni mutanen gari suke tarewa da tambaya, ni kuwa ban san abin da zan ce musu ba. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina da yawan saƙe-saƙe a zuciya. In na rufe rumbu sai na koma na sake taɓa ƙofar. Na yi ta tsoron ko wani abu ya ɗauka a wurin aikin, na kasa tambayarsa.

Shi ya gaya mini da kansa, muna ɗaure dami. Ya ce gyaran jirage yake yi, kuma jiragen ba su da yawa, yaƙin daji kuma ba ya jira. Horon da ya kamata su daɗe suna yi, taƙaita musu shi aka yi. Wani jirgin daga wannan ƙasa aka sayo shi, wani daga waccan, kowanne da irin notinsa. In abu ya lalace ba a samu sabo ba, sai a kwance na wani jirgin da ke ajiye a ɗaura wa mai tashi. Amma akwai doka ɗaya da aka cusa musu tun farkon zuwa: kowane ƙarfen aiki yana da gurbinsa a akwati, kuma ba a rufe inji sai an ga kowane gurbi a cike. Ƙarfe ɗaya da aka manta a cikin inji ya isa ya kado jirgi daga sama.

Wata safiya aka ce a fito da jirgi da gaggawa, an ritsa da sojoji a daji. Ya duba akwati ya ga babu ƙaramin sukundireba. Ya gaya wa ogansa, ogan ya ce babu lokaci, a rufe. Ya rufe. Jirgin ya faɗi a hanyar dawowa, mutanen cikinsa suka mutu. Ba a taɓa sanin ko ƙarfen ne ya jawo ba, ba a kuma gan shi ba. Da aka zo bincike, ogan ya ce shi ba a gaya masa komai ba.

Inna ta kai maganar wurin liman don a taya shi da addu'a, kafin kasuwar Tsanyawa ta sake ci kowa ya ji. Daga nan mutanen gari suka sa masa suna Kyaftin.

Da rani ya shigo muka tafi Watari, inda nake da ɗan fegin albasa. Na roƙi wani Alhaji mai babbar gonar tumatir ya gwada ba shi gyaran injin ban ruwa. Alhaji ya ce ya ji labarin yaron, amma don ni zai gwada. Na san in wannan ƙofa ta rufe babu wata, ga mata da 'ya'ya yana ciyarwa. Aikin ya karɓe shi. Injin da ya taɓa ba ya dawowa da wuri, manoma suka fara kawo masa nasu. Sai dai yana da jinkiri. Yakan shimfiɗa buhu a ƙasa, ya jera ƙarafansa, in ya gama ya mai da kowanne gurbinsa, ya bi su da yatsa, sannan ya ɗaure murfi. Samarin da ke aiki a gonar sukan tsaya su sara masa irin na soja, su tambaye shi yaushe injin zai tashi zuwa Makka. Shi dai yakan ci gaba da aikinsa. Ni ne nake jin zafin, in dawo gida in kasa cin tuwo.

Ranar da abin ya faru zafi ake yi sosai, tumatir ɗin Alhaji ya fara fure, kuma ya kwana biyu bai sha ruwa ba saboda injin ya tsaya. Ƙanena ya fara aiki tun da hantsi, kafin azahar ya gano matsalar ya gyara. Ya tafi bakin ruwa ya yi alwala. Da ya dawo zai rufe, sai ya tsaya a kan akwatin. Ƙaramar sifana ba ta nan.

Ya ɗaga buhun, ya laluba aljihunsa, ya tona ƙasar wurin da hannu. Ina daga fegina na hango shi, na bar fartanya na taho. Samarin suna zaune a gindin mangwaro, kowa ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Ina ganinsu na gane.

Alhaji ya iso ya ce a tayar da inji. Ƙanena ya ce a yi haƙuri, akwai ƙarfen da bai gani ba, yana iya kasancewa a ciki. Alhaji ya ce injin da bai fi kwandon tumatir girma ba, ina sifana za ta ɓuya a cikinsa? Gaskiya ya faɗa, ni ma na san haka, ina jin shi ma ƙanen nawa ya sani. Amma ya durƙusa ya fara kwance abin da ya ɗaura.

"Kai, ruwa nake so ba wa'azi ba," in ji Alhaji. "Rufe min injina."

"Alhaji, ba zan rufe ba sai na gani."

"To wa zai mutu? Kwaɗi?"

Samarin suka fashe da dariya. Ɗaya ya buɗe hannuwa yana kukan jirgi, ya zagaya, ya faɗi a kan kunya yana shure-shure. Wani ya ce a duba cikin wandon Kyaftin. Na je wurinsu na durƙusa, ni da na haifi kamarsu, na ce don Allah don Annabi wanda ya ɗauka ya mayar, ba zan faɗa wa kowa ba. Babbansu, ɗan 'yar'uwar Alhaji ne, ya ce, "Baba, mu ma tsoro muke ji. Matsa baya kada jirgin ya faɗo maka a ka."

Na koma wurin ƙanena na ce ya rufe kawai, ni zan ɗauki alhakin. Ya ɗago ya dube ni, gumi na zuba daga haɓarsa, ya ce, "Yaya, haka ogana ma ya ce."

 Har la'asar yana kwancewa, ya baje injin gaba ɗaya a kan buhu, yana leƙa kowane rami, yana zura yatsa. Ganyen tumatir ya langaɓe, fure na zuba. Mutane suka taru daga gonakin kusa, har masu tallar abinci suka ajiye kaya suna kallo. Alhaji ya zage shi, ya zage ni, ya ce dama an gaya masa mahaukaci na kawo masa, wanda ya kashe mutane a sama zai zo ya kashe masa gona. Ya sa aka tattara guntayen injin a buhu aka ɗora a babur zuwa wurin wani bakanike a Bichi.

Babur ɗin na tashi, ɗan 'yar'uwar Alhaji ya zaro sifanar daga cikin hularsa ya jefa a gaban ƙanena. Na zaci ƙanena zai shaƙe yaron, har na riƙe masa riga. Ya ɗauke ta, ya goge da gefen rigarsa, ya sa a gurbinta, ya ce alhamdu lillahi ba a ciki take ba. Fuskarsa ta saki, har da ɗan murmushi. Wannan ya fi ba su dariya fiye da duk abin da ya wuce.

Alhaji ya ji wanda ya ɓoye ta, ya ce wasan yara ne, laifin na wanda ya biye musu ne. Furen da ya zube bai dawo ba, kuma labarin ya bi gonakin Watari kaf. Ba wanda ya sake kawo masa inji. Na bi manoma ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri, wasu su ce sai sun neme mu, wasu su tambaye ni ko ni ma ina ƙirga fartanyata kafin in yi noma.

Da tumatir ya nuna, Alhaji ya aiko a ce masa in yana son aiki akwai dakon kwando zuwa bakin titi. Na ce kada ya je, albasata za ta ishe mu, alhali na san ba za ta isa ba. Shi ma ya sani. Ya je. Wanda yake tsaye yana nuna masa kwandon da zai ɗauka, ɗan 'yar'uwar Alhaji ne.