Goron da Aka Bari a Kan Tabarma

Aikina a Sokode yana da wuyar bayani, mahaifiyata ma ta gaji ta ce wa maƙwabta ina koyar da kwamfuta karatu. Ba ta yi nisa da gaskiya ba. A wani ƙaramin ofis a Kpangalam muke, muna da wakili na na'ura mai saya wa 'yan kasuwa waken soya daga arewa. Ba shi da hannu ko ƙafa, sai kayan aikin da aka ba shi: na duba farashi, na ba da odar saye, na soke ciniki. Kowanne da ɗan bayanin da yake karantawa kafin ya taɓa. Ni ce mai duba bayanan, in ce wannan ya isa, wannan zai ɓatar da shi.

Bayanin kayan soke ciniki ne ya tsaya mini a rai. Layi ɗaya ne: yana soke cinikin da ba a biya ba tukuna. Na ba shi maki kaɗan, na kai wa shugabanmu.

"Ina ƙarya a ciki?" ya tambaye ni.

"Babu, patron. Amma bai faɗa wa wakilin cewa in an sallama an ba da hannu, magana ta ƙare ba."

Ya yi dariya, ya ce na'ura ba ta san kunya ba, kuma gajeren bayani shi ne mai kyau. Raina ya ɓaci, don rashin sanin kunyar ne abin da nake faɗa. Mun yi ta ja-in-ja har na ga bakina yana neman jawo mini kora, na koma kujerata ina huci.

Damuwata tana da dalili. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ne mai tara mana waken a Dapaong. Ba shi da sito, ba shi da mota, bakinsa ne jarinsa. In ya ce wa manomi ya saya, manomin yana iya korar kowa ya yi barcinsa.

Da kaka ta yi, wakilin ya tura wa Kawu saƙo ya saya. Kawu ya hau babur zuwa wajen Bombouaka, gun wani dattijo manomi, Bamobe ɗan ƙabilar yankin, da suka daɗe suna hulɗa. Suka daidaita, suka yi musabaha. Dattijon ya sallami wani mai saye da ya zo da mota a ranar, ya ɗinke buhunansa, aka kai su bakin titi a amalanke. Kafin motarmu ta taso farashi ya faɗi a kudu. Wakilin ya duba, ba a biya ba tukuna, ya soke. Abin da aka rubuta masa ya bi, ko harafi bai tsallake ba.

Kawu ya kira ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Ɗiyata, wannan yaron naku da ya fasa, yaushe zai zo mu je ba da haƙuri?"

"Kawu, ba mutum ba ne."

"To wa zan riƙe wa goro?"

A wajensu wanda ya warware ciniki shi ke zuwa da ƙafarsa, da goro a hannu. Shugabanmu ya ce a ƙara layin da na nema, aka ƙara a ranar, abin bai ɗauki shan shayi ba. Zuwa Dapaong kuwa ya ce ba aikin ofis ba ne. Na shiga mota na tafi, ina jin haushin kowa.

Da muka isa wajen dattijon ni da Kawu, buhunan an mayar da su gida, suna jingine ƙarƙashin rumfa. Dattijon ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa, aka yi gaisuwa mai tsawo. Kawu ya ajiye goron a gabansa. Na buɗe baki zan bayyana yadda abin yake, na faɗi na'ura, na faɗi bayani, sai na ji maganar ta yi mini nauyi kamar tuwon jiya.

Dattijon ya dube ni, ya dubi Kawu, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Yarinya nan shi ne ya fasa?"

"A'a," in ji Kawu. "Ni na ba ka hannu."

Dattijon ya gyaɗa kai. Ya tambayi lafiyar iyali, ya tambayi hanya, ya rako mu har bakin babur da mutunci. Da na waiwaya, goron yana nan inda Kawu ya ajiye shi.

Muka koma Dapaong. Da muka sauka Kawu ya ce in ci abinci kafin in kama hanya. Layin da aka ƙara yana nan, kowa ya duba yana ba shi cikakken maki. Kawu kuwa, kakar da ta biyo baya, sai da ya nemi wani ya tsaya masa kafin a sayar masa da buhu ɗaya a garin dattijon.