Kawu Tela da ruwan da inshora ba ta biya

To ai shi ya sa nake ce maka kar ka yarda wani ya zaunar da kai da biro a hannu yana tambayar ka rayuwarka ɗaya bayan ɗaya. Mutum yana zaman zamansa lafiya, sai an jero masa tambayoyi ya gane ashe abu ɗaya tak yake da shi na kansa. A kan kawuna na ga haka, da idona.

Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina yawo ba ɗankwali. Tela ne, kowa Tela yake ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci. Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙasan bene, tsakanin mai gyaran waya da mai walda. Keken ɗinki biyu, teburin yanka, madubi mai tsaga a gefe, sai fanka da ba ta tashi sai an tura ta da sanda. Ni ce mai sa maɓalli da guga, don ni da boko mun duba juna mun ga ba za mu daidaita ba, muka rabu salin-alin.

Mai waldan nan ne ya jawo komai. Ƙaton mutum, in ya yi dariya har zarenmu rawa yake. Rannan ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar shagonsa, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ba a jima ba muka ga an ɗora katifun matarsa da tukwanenta a bayan mota, yara na zaune a kai. Kawu ya tsaya da almakashi a hannu yana kallo har motar ta sha kwana. Ni na san wa yake tunani. Auta yake tunani, 'yarsa ta ƙarshe, mai ciwon sikila, wadda in sanyi ya taɓa ta sai gadon asibiti.

Shi ya kira matar inshora da kansa, kamfanin da kake zuba wa kuɗi duk wata, in ka mutu su biya iyalinka. Ta zo da rana tsaka, da jaka, da tabarau, da sikeli, da abin awon jini. Anti, matar Kawu, ta kawo abinci ta ga baƙuwa, sai ta nemi wuri ta zauna daram, don ba a barin ta a baya.

Matar inshorar ta ce, "Malam, a wata nawa kake samu?"

Kawu ya ce, "Ya danganta."

"Da me?"

"Da masu kaya. Wani ya biya, wani ya ce Allah ya saka."

Ta yi dariya, ta ce to a ƙiyasta. Suka ƙiyasta. Ta tambayi mutum nawa ke ci a ƙarƙashinsa, ya fara lissafi da yatsu, Anti na tuna masa da waɗanda ya tsallake. Da aka zo kaina na ce a rubuta ni rabi, ai ina guga.

Ta koma kan Kawu. "Taba fa?"

"Ban taɓa ba."

"Giya?"

Anti ta ce, "A'uzubillahi! Baiwar Allah, dubi fuskarsa mana."

"Mahaifinka, me ya yi ajalinsa?"

"Kwanansa ne ya ƙare."

"Na sani, Malam. Amma kafin ya ƙare, me yake ciwo?"

Haka dai. Ya hau sikeli, ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta duba ta sake dubawa. Ta ce jininsa kamar na saurayi, me yake ci haka? Kawu ya washe baki kamar an ba shi kujerar mulki.

Sai ta juya shafi ta ce, "Ranar hutu me kake yi? Akwai wani abu mai haɗari? Tseren babur, hawan dutse, shiga ruwa?"

Anti ta yi caraf ta ce, "Barci yake."

Ni ma na ce, "Barci, wallahi kamar gawa." Ka ji bakina, a gaban matar inshora.

Kawu ya kalle mu ya ce, "Ina shiga ruwa."

Bari in gaya maka. Kawu yana da wani tsohon kwale-kwale da ya saya hannun wani masunci, ya fi ni shekaru. Duk ranar da ya rufe shago, zai hau mota har bakin dam, ya tura kwale-kwalen tsakiyar ruwa, ya jefa ƙugiya. Kifin kuwa, kar ma ka tambaya. In ya dawo da uku ƙanana, ranar Anti har guɗa take masa ta tsiya. Na taɓa bin sa sau ɗaya. Ba ya magana, ba ya kunna rediyo. Na ce Kawu, wai me kake samu a nan? Ya ce, "Saurara." Na saurara, ban ji komai ba. Ya ce, "To shi. Nan ba mai cewa Tela, ina kayana."

Matar ta cire tabarau. "Ka iya iyo?"

"A'a."

"Kana sa rigar ruwa, mai hana nutsewa?"

"Wace ce haka?"

"Kai kaɗai kake shiga?"

"Ni da Allah."

Anti ta galla masa harara. "Baban Auta, wai kai bakinka ba shi da zif ne? Kai da kake sa wa mutane?"

Matar ta ce a'a, gara da ya faɗa. In ya ɓoye, ranar da abu ya faru a ruwa kamfani zai bincika, kuma ko sisi ba za a ba iyali ba, duk abin da ya zuba ya tafi a banza. Ta ce hanya biyu ce. Ko a ƙara masa kuɗin wata, ko a rubuta cewa duk inda ajali ya same shi za a biya, ban da cikin ruwa.

Da ta faɗi ƙarin, Kawu ya kalli kekensa kawai. Ni na san keken nan ba zai iya ba, shi ma ya sani. Ya ce a rubuta na biyun. Ya sa hannu a hankali, kamar mai yanka yadin wani mai tsada.

Ka lura fa, ba wanda ya hana shi. Matar ba ta ce kar ya je ba, takardar ma ba ta ce ba. Ran hutu ya shirya kamar kullum, ya ɗauki ƙugiya da flas ɗin shayi. Na bi shi don in ga ƙwaƙwaf. Ya tura kwale-kwalen har ruwa ya taɓa masa idon sawu, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya sa ciki. Sai ya tsaya a haka, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, har na gaji da tsayuwa.

Na ce, "Kawu, shiga mana. Shekara nawa kana shiga ba abin da ya same ka?"

Ya ce, "Da in na nutse, ni kaɗai na nutse. Yanzu da Auta zan nutse."

Ya janyo shi waje ya kife. Ya zauna a kai ya jefa ƙugiya daga bakin ruwa, inda mata ke wanki, yara na ihu, wani ma ya gane shi ya ce Tela, wandona fa?

Na tara 'yan kuɗin gugata na sayo masa rigar ruwa, ja, mai igiyoyi. Ya yi godiya har da sa albarka. Yanzu tana kan kujerar kekensa, a kanta yake zama, wai tana taimakon bayansa. Ya ce takarda ba ta ce ban da mai riga ba.

Bai taɓa fashin biya ba. Anti ta samu kwanciyar hankali, har ƙiba ta yi. Auta ba ta san komai ba, tana nan tana zana furanni da allin yankansa. Shi kuwa ya koma mai saurin faɗa. Rannan ya yi wa wani tsohon kwastoma tsawa a kan aljihu, abin da ban taɓa ji ba. Da yamma sai ya dafe ƙeya ya ce kansa na sarawa. Na ce mu je a auna jinin nan na saurayi, ya ce in kama guga in bar shi.

Kwale-kwalen na can a kife, kaji sun fara ƙwai a ƙarƙashinsa. Wani masunci ya taya, Kawu ya ce ba na sayarwa ba ne.

Ni dai kaina ya kulle. Ina son Auta, ina son Kawu, kuma hutu na sake zuwa jibi. Kai da ka yi boko, faɗa min: da kawunka ne, cewa za ka yi ya shiga ruwan, ko ya ci gaba da zama a baki?