Jan Ƙyallen Baba Sati

Kafin a buɗe babbar ƙofar kamfanin jimar fata da ke bayan Dogarawa, Baba Sati ya riga ya jingine kekensa a gindin dalbejiya. Daga Jushi yake tasowa, ya ratsa bakin kasuwar Sabon Gari masu shayi suna hura wuta. Ba ya shiga ta inda akawuna ke shiga. Zagayawa yake yi ta baya, can inda wari ya fi ƙarfi, wurin babban kwatamin siminti da ake tara ruwan wankin fatu, ruwa mai farar ƙasa da magani. Aikinsa ke nan tun farkon samun mulkin kai: idan kwatamin ya cika, ya murɗa ƙarfen ƙofa, ruwan ya bi lambatu ya faɗa rafi.

Amma kafin hannunsa ya taɓa ƙarfen, akwai abin da ba ya tsallakewa. Zai ɗaura jan ƙyalle a kan doguwar gora, ya kafa ta a bisa katanga, ya tsaya yana duban fadama. A can ƙasa masu lambu ne jere a bakin rafin, kowa da jigonsa yana ɗibar ruwa. Sai ya ga jigunan nan sun daina sunkuyawa ɗaya bayan ɗaya, an toshe bakin kowace hanyar ruwa da laka, sannan ya buɗe. Idan baƙin ruwan ya wuce rafi ya washe, ya sauke ƙyallen, aiki ya ci gaba.

Babu wanda ya sa shi. A shekarunsa na farko ya taɓa gangarawa fadamar sayen yakuwa, ya tarar da wani mai lambu, Malam Ɗanmalam, tsugune a kan fangalin albasa da ya ƙone ƙurmus ba tare da wuta ta taɓa shi ba. Baba Sati ya duba albasar, ya duba rafin, ya gane ruwan da ya saki jiya ne. Ya koma gida ya yagi gefen tsohon zanen matarsa Dinatu. Har yau idan aka tayar da zancen sai ta ce, "Zanen da nake zuwa majami'a da shi fa! Ko sallama bai yi wa akwatina ba."

Manajoji sun zo sun tafi, babu wanda ya damu da ƙyallen. Wani ya ɗauka na korar ungulu ne. Wani kuma ya ce kada a taɓa, wai asirin mutanen kudancin Zariya ne.

A ranin 1975 ne abin ya zo da nauyi. Kamfanin ya sayar wa 'yan ƙasa da hannun jari, kuma duk shekara yana buga rahoto domin masu jarin. A cikin rahoton akwai layi guda da ke cewa ruwan da kamfanin ke zubarwa ba ya cutar da komai. Sai aka ji cewa wata malama daga jami'a a Samaru, Malama Janet, tana bin kamfanoni tana gwada abin da suke rubutawa da abin da suke aikatawa, kuma za ta zo. Sabon manaja, wanda bai daɗe da zuwa daga Ikko ba, ya zagaya baya domin ya ga komai tsaf. Ya ga gora, ya tambaya, aka gaya masa. Nan take fuskarsa ta canza, don ya gane ƙyallen nan yana ƙaryata rahoton kamfani a gaban kowa.

"Baba, ka cire wannan abu," in ji shi. "In na sake ganinsa a katangata, aikinka ya ƙare."

Saura 'yan shekaru Baba Sati ya yi ritaya, ga 'ya'ya mata a makaranta. Ya sauke ƙyallen, ya ninke, ya sa a aljihu. Katanga ta kamfani ce, bai yi musu ba.

Sai da ya ɗora hannu a kan ƙarfen ƙofa ya ga abin da manaja bai gani ba. Lokacin dashen tumatir ne, jiguna suna ta sunkuyawa. Kowane mai lambu yakan ɗaga kai ya dubi katanga, ya ga babu ja, ya ci gaba da ban ruwa hankali kwance. Shi da kansa ya koya musu cewa rashin ƙyalle na nufin ruwa lafiya lau. Ya janye hannunsa. Ranar bai buɗe ba, washegari ma haka.

Mista Nwankwo, akantan kamfanin, wanda suka daɗe suna cin ƙosai tare, ya same shi a baya yana toshe hanci da hankici.

"Sati, so kake ka kashe mu da wari? Buɗe mana!"

"Akawu, da ban taɓa ɗaga ƙyallen nan ba, in na yi shiru, shiru ne kawai. Yanzu in na buɗe babu shi, na ce musu ku sha ke nan."

Nwankwo ya daɗe yana kallon fadamar. Shi ne yake haɗa rahoton shekara, layin nan ta hannunsa yake bi. Ya juya ya koma ofis.

Ranar da baƙuwar ta zo kwatami ya cika har yana tumbatsa. Manaja ya aiko a guje: a buɗe yanzu-yanzu, ruwan ya wuce kafin ta zagayo baya. Babu sauran jinkiri, in ba a buɗe ba ruwan zai ɓalle da kansa. Baba Sati ya zaro ƙyallen daga aljihu, ya naɗa shi a kansa, ya kafa tsani ya hau katanga, ya tsaya ƙiƙam, dattijo mai ciwon gwiwa, rana tana dukansa.

Daga fadama Ɗanmalam ya ɗaga murya: "Kai, Sati! Yaushe aka naɗa ka dogari ba mu sha shagali ba?"

"Toshe bakin ruwanka, tsohon banza, ka bar surutu!"

"Na toshe! Ka faɗa ma sauran, su Dalhatu ba su gan ka ba!"

Ya yi ta ɗaga hannu har jigo na ƙarshe ya tsaya, sannan ya sauko ya murɗa ƙarfen. Yana juyowa sai ga Malama Janet, ga manaja, ga Nwankwo a bayansu.

"Sannu da aiki, Baba," ta ce. "Wannan jan rawani fa?"

Waɗanda suke wurin sun ce ya dubi manaja tukuna, kamar mai neman gafara. Sannan ya ce, "'Yata, ruwan nan yana ƙona shuka. Ina ɗaga ja ne don mutanen ƙasa su sani kafin ya iso musu."

Iyakar maganarsa ke nan. Ta gangara fadama, ta zauna a kan buhu ta saurari Ɗanmalam da maƙwabtansa, ta ɗebi ruwa a kwalabe ta koma Samaru.

Makonnin da suka biyo baya, kullum Baba Sati yakan fito da shirin yau ce ranar sallama. Dinatu ta ce ko tuwo ba ya iya gamawa. Masu lambu suka riƙa aiko masa da latas da karas, irin gaisuwar da ake kai wa majinyaci. Abin da bai sani ba, Nwankwo ya ce shi ba zai sake sa hannu a kan tsohon layin ba. Malama Janet kuwa, da sakamakon kwalabenta ya fito, ba ta kai shi jarida ba. Ta dawo ta zauna da manaja, ta gaya masa cewa a duk kamfanonin da ta zaga, nan kaɗai ta ga ana gaya wa maƙwabta gaskiya, sai dai a katanga ake faɗa, ba a takarda ba. Manajan ma, ashe tsoron na sama da shi yake ji. Ya ɗauki maganar ya kai Ikko.

Rahoton shekarar da ta biyo baya ya fito da sabon sakin layi: cewa ruwan jima yana da lahani ga amfanin gona, cewa ana ɗaga alama kafin a sake shi, kuma za a haƙa tafkuna inda zai kwanta ya tace kafin ya kai rafi. An haƙa su kuwa. Ba a ambaci sunan Baba Sati ba, "wani ma'aikaci" aka rubuta. Da Nwankwo ya karanta masa, cewa ya yi, "To, aikin nawa fa, yana nan?" Aka ce yana nan. Ya zauna a kan bulo ya sauke wata ajiyar zuciya da har masu kankare fata suka ji. Kwana kaɗan bayan haka manaja da kansa ya aika kasuwar Sabon Gari aka yanko jan yadi sabo.

Baba Sati, kai ne ka tsaya tsakanin kwatami da fadama shekara da shekaru, ba da umarnin kowa ba. Kai ne ka ɗauki wari a tufafinka har yaran unguwa suna maka waƙa, domin tumatirin da ake kaiwa Samaru da Basawa ya isa tukunya lafiya. Ba ka taɓa riƙe alƙalamin rahoto ba, amma abin da ka riƙa faɗa da tsumma shi ne daga baya aka buga da inji. Mai jan rawani, mun gode. Allah ya saka, ya ba gwiwar nan sauƙi.

A ƙarshen watan jiya Baba Sati ya ajiye aiki. Tafkunan sun rage dafin ruwan, amma ba su kashe shi duka ba, don haka hankalin masu lambu bai kwanta ba. Wanda ya gaje shi, Hamza, daga ɗakin injin aka kawo shi, ba su san halinsa ba. Safiyar da kwatami ya fara cika a hannun Hamza, Baba Sati ya hau kekensa, amma bai nufi kamfani ba. Fadama ya gangara, ya zauna kusa da Ɗanmalam, su biyu suna duban katanga. Hantsi ya ɗaga. Can sai gora ta miƙe, ja yana kaɗawa a kanta.

Ɗanmalam ya saki igiyar jigo. "To, dogari, an sauke ka lafiya. Tashi ka taya ni toshe ruwa."

Duk wanda aikinsa ke zubar da wani abu a ƙofar maƙwabci, babban kamfani ne ko mai rini a lungu, ya dubi wannan dattijo. Kafin ka buɗe, ka ɗaga abin da na ƙasa da kai zai gani, ka kuma jira har ya gani.